"To" ba "na yarda" ba ce

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Ajilari zai ji harsuna uku na cuɗanya: Kanuri, Larabcin Shuwa da Hausa, wadda ita ce ke haɗa kowa a Maiduguri. Idan wani ya faɗi magana ta shiga ran jama'a, dattijon Kanuri ya ce "jire", wato gaskiya, ko "kalkal", wato daidai. Bashuwa ya ce "sahi". Matashi kuwa ba ya tsayawa a baki, miƙo hannu yake yi a tafa.

Sai dai amincewa hawa-hawa ce, kuma a nan baƙo ke ruɗewa. "Haka ne" na iya zama rakiyar zance kawai. "Ƙwarai kuwa", "ko shakka babu", "maganarka dutse", waɗannan su ne na wanda ya tsaya a bayanka. "Wallahi" ta fi su nauyi a asali, amma yawan rantsuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba ya rage mata daraja. Ita kuwa "to" aba ce daban. Yaron da mahaifinsa ya yi wa faɗa ya ce "to, Baba" bai ce ya gamsu ba, cewa ya yi na ji, domin ba a musu da babba. A Kasuwar Monde ma, in ka taya kaya mai shi ya ce "albarka", ai bai sayar ba, ƙari yake nema. Sai ka ji "na sallama" ciniki ya faɗa.

Irin wannan hawa-hawar akwai ta a Jamusanci ma, kuma Barno ta daɗe da sanin Jamusawa. Heinrich Barth ya iso Kukawa a 1851, kuma Jami'ar Maiduguri ta shafe shekaru tana bincike tare da ta Frankfurt. Ɗalibin da ya je can zai ji "genau" a kowane zance, ma'anarta daidai, ita ma sau da yawa rakiya ce kamar "haka ne". Idan Bajamushe ya amince da gaske sai ya ce "stimmt", ko "auf jeden Fall", wato ko ta halin ƙaƙa. A jami'o'insu in lacca ta ƙayatar, tebur ake ƙwanƙwasawa maimakon tafi.

Inda ɗan Ajilari ke shiga matsala shi ne kara. Bajamushe yana ɗaukar "ja", wato i, a matsayin alkawari. In ka amsa masa don kunya cewa za ka zo ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗu yana jiranka, kuma da ka ce masa a'a tun farko ba zai ga rashin ladabi ba.