Makarantar Gwamnati ta Chibok: Ina Yaranmu na Ƙauye Suke Kwana?

'Yan'uwa, duk ƙauyen da muka shiga, in an zauna da iyaye sai maganar makaranta ta taso. Yaro ya gama firamare a ƙauye, sakandare kuwa tana can cikin gari, hedkwatar ƙaramar hukuma. Wani ƙauyen tafiyar awa biyu ce a ƙasa, da damina kuma rafi ya tare hanya. Iyaye sukan tambayi kuɗin makaranta, su tambayi litattafai da yunifom. Ba kasafai nake jin an tambayi inda yaron zai riƙa kwana ba. A wannan fitowar za mu duba wannan tambaya ta wurin makaranta guda da kowa ya ji sunanta, wato sakandaren gwamnati ta Chibok a kudancin Jihar Borno.

Bari mu fara da tsarin makarantun, domin da yawa cikinmu muna cewa "makarantar gwamnati" ba tare da sanin wace gwamnati ba. Gwamnatin tarayya tana da nata makarantun sakandare, ɗari da 'yan kai a duk ƙasar, kuma shigarsu sai da jarrabawa ta musamman. Sauran makarantun gwamnati da muke gani a garuruwanmu na jiha ne. Jiha ce ke ɗaukar malamai, ta naɗa firinsifal, ta yi gini. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da shekara uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne ga kowane yaro. Shekara uku na babbar sakandare ba sa cikin wannan doka, kowace jiha da yadda take yi. A ƙarshensu ne ake rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, kuma mai son wucewa gaba yana bukatar kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Yaron ƙauye yana iya samun ƙaramar sakandare kusa da gida, amma babbar, da kuma cibiyar rubuta jarrabawa, yawanci sai a gari.

Haka abin yake a ƙasar Chibok. Mutanen wurin, wato Kibaku, manoma ne kamar mu. Masu mishan na Church of the Brethren, waɗanda suka fara aiki a Garkida a 1923, sun iso Chibok a farkon shekarun 1940, kuma karatun boko ya shigo tare da su. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantun mishan a wurare da yawa. Sakandaren garin Chibok ta zama wurin da 'yan mata daga ƙauyuka irin su Mbalala da Kautikari suke zuwa. Tana da ɗakunan kwana, shi ya sa uba mai nisa ya iya sakin 'yarsa da kwanciyar rai.

A watan Maris na 2014 an rufe makarantu da yawa a Jihar Borno saboda hare-haren Boko Haram. Amma lokacin jarrabawar ƙarshe ya zo, sai aka buɗe ta Chibok domin 'yan ajin ƙarshe, har da waɗanda makarantunsu ke rufe. Hukumar WAEC ta ce ɗalibai 530 aka yi wa rajista a cibiyar, mata 395, maza 135. Ta kuma ce ta nemi a mai da cibiyoyin jarrabawa wuraren da suka fi tsaro, aka ba ta tabbacin za a sa tsaro.

Daren Litinin, 14 ga Afrilu 2014, 'yan bindiga suka shigo garin. Waɗanda suka isa makarantar suna saye da kayan soja, suka ce wa 'yan matan sun zo cetonsu ne. Suka kwashe abinci, suka sa wa gine-gine wuta, suka tafi da 'yan mata 276 ta wajen dajin Sambisa. 57 suka kuɓuta tun da fari, waɗansu ta wurin dirowa daga mota tana tafiya. An sako 21 a Oktoba 2016, sai 82 a Mayu 2017. Waɗansu sun fito ɗaya-ɗaya daga baya, da yawa da goyo. Da aka cika shekara goma a 2024, fiye da 80 ba su dawo gida ba. Yawancinsu 'ya'yan ikkilisiya ne, musamman EYN, akwai kuma Musulmi a cikinsu.

Akwai abu ɗaya a labarin da ban cika jin ana faɗa ba. Ƙungiyar Amnesty ta ce labarin zuwan maharan ya kai ga sojoji fiye da awa huɗu kafin harin, kuma daga mutanen ƙauyukan da ke kan hanya ya fara fitowa. Rundunar soja ta musanta. Ko yaya ne, mu da muke zaune a ƙauye mun san cewa in baƙin babura sun wuce, mai gona da mai kiwo ne ke fara gani. Abin tambaya shi ne ko labarin yana da hanyar da zai bi ya kai ɗakin kwanan yara, da kuma ko yaran sun san abin da za su yi in ya kai.

An sāke gina makarantar, aka buɗe ta a 2021, maza da mata tare. Amma abin bai tsaya a Chibok ba. An kwashe 'yan mata 110 a Dapchi a 2018, yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a 2021. Dukansu makarantun gwamnatin jiha ne masu ɗakin kwana. Bayan waɗannan hare-hare jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na wani lokaci.

Nan ne wahalar ɗan ƙauye take. Rufe ɗakin kwana bai taɓa ɗan gari sosai ba, gidansu yana bayan makaranta. Ɗan ƙauye kuwa hanya uku ce ta rage masa: ya riƙa yin doguwar tafiya kullum, ko ya zauna a gidan wani a gari, ko ya bar karatu. Na ga 'yan mata huɗu, 'yan shekara sha biyar zuwa sha shida, sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki a wani gari, babu babba ko ɗaya a kansu. Ranar kasuwa iyaye su aiko da masara, shi ke nan. Kafin shekara ta ƙare ɗaya ta koma gida da ciki. Wannan ba ya shiga rediyo, amma yana cinye yara da yawa. Saboda haka ba zan ce muku kwana a makaranta ya fi ba, ba kuma zan ce jeka-ka-dawo ya fi ba. Kowanne da haɗarinsa, sai an duba da ido.

Idan makarantar ta kwana ce, uba ko uwa su je da ƙafarsu. A zagaya a ga katanga, ko ta kewaye makarantar ko gaba kawai aka yi. A tambaya masu gadi nawa ne da dare, kuma malamai nawa ne ke kwana a harabar, musamman mace babba a ɓangaren 'yan mata. A duba ko waya tana samun sabis a wurin, da nisan ofishin 'yan sanda. A tambayi firinsifal ko an taɓa nuna wa yara ƙofar da za su bi da inda za su taru in abu ya faru. Ba rashin kunya ba ne yin waɗannan tambayoyi, ɗanka ne. An tsara kowace makarantar gwamnati ta kasance da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, ban da taron iyaye da malamai na PTA. Sau da yawa mutanen gari kaɗai ke zama a ciki, domin na ƙauye ba su ji ranar taro ba. Kowane ƙauye ya zaɓi mutum ɗaya mai waya, a ba firinsifal lambarsa, shi ma a karɓi tasa. Ta wannan lambar sanarwar taro za ta zo, ta nan kuma gargaɗi zai tafi.

Idan kuwa yaro zai zauna a gari ne, kada a bar shi ya nemi masauki da kansa. Dattawan ikkilisiyar ƙauye su rubuta wa ta gari takarda da sunayen yaran. Zumuntar mata ta gari tana iya nuna gidajen da za a amince da su, ta kuma sa uwa ɗaya ta riƙa leƙa yaran kowane mako. A yi magana a fili da mai gida a kan abinci da aikin gida, domin akwai gidajen da ɗaliba ke zama 'yar aiki, ta isa aji da ƙarfe tara a gajiye.

Sabuwar shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai gama shigowa ba. Gara a yi wannan ziyara a kuma shirya masauki tun cikin Agusta, kafin a ɗaure wa yaro kaya.