Porsche 911 da Golf 3 a Hanyar Boɗinga zuwa Shagari

Motocin nan biyu dangin juna ne, ko da yake ba wanda zai ce haka in ya gan su a jere. Ferdinand Porsche ne ya tsara Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, kuma irin tsarinta, wato inji a baya mai shan iska maimakon ruwa, shi kamfanin iyalansa ya bi wajen ƙera 911 da aka nuna wa duniya a 1963. Ita kuwa Golf ta fito a 1974 don ta gaji Beetle ɗin, aka dawo mata da inji gaba, aka sa mata lagireto da ƙofa ta baya mai ɗagawa sama. Samfurinta na uku, na 1991, shi ne wanda har yau yake jigilar fasinja daga Sakkwato zuwa Boɗinga da Shagari, har Tambuwal.

In ana maganar gudu da riƙe hanya a kwana, Golf ba ta ko kama ƙafar 911. Sai dai a wannan yanki ba a auna mota da gudu kaɗai, ana auna ta da abin da za ta ɗauka da kuma wanda zai gyara ta in ta tsaya. A tasha, ranar kasuwa, ana cusa mutum huɗu a kujerar bayan Golf, biyu a gaba kusa da direba, a ɗaga but a jera buhunan albasa ko gero, a ɗaure ƙofar da igiyar roba tana rabi a buɗe. Direbobi kan sa a ƙara wa shokazoban baya ƙarfi saboda wannan lodin. Porsche ƙofa biyu gare ta, kujerun bayanta ko yaro sai ya takure, ɗan but ɗinta na gaba kuwa ba zai ci buhu guda ba. Ga ta kuma ƙasa-ƙasa, da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauye da damina, cikinta zai soma gugar ƙasa.

Mai jayayya zai ce ai 911 ce ta lashe tseren Paris zuwa Dakar a 1984, ta ratsa Sahara. Gaskiya ne, amma wadda ta yi wannan aiki an ɗaga ta sama, an mayar da ita mai ja da ƙafa huɗu, kuma ayarin makanikai da manyan motoci cike da kayan gyara na biye da ita. Golf ma tana da irin wannan ayari, sai dai nata a warwatse yake a bakin titi. Motocin Beljiyam da suka yi ta shigowa ta Kwatano, kafin a hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa a 2017, sun cika kasuwa da tsofaffin injuna, giya da fitilu. Yaron gareji a Boɗinga yana iya sauke mata kuloci a ƙarƙashin darbejiya. Injin 911 mai silinda shida, wanda baƙin man da yake sha ya ninka na Golf fiye da sau biyu, sai an nemo masa gwani daga nesa, kayansa kuma a jira su daga Jamus.

Hujjar mai jayayya mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi: tsohuwar 911 daraja take ƙarawa, Golf kuwa kullum raguwa take yi. Amma masu biyan wannan farashi suna Turai da Amurka, kuma mota suke so mai takardun gyara cikakku, wadda zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba su ci fentinta ba. Ribarta sai ranar da aka sayar. Ta Golf kullum yamma ake ƙirga ta, bayan an cire kuɗin kamasho da na fetur, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ya zama babban abin da direba ke lissafawa kafin ya tayar da mota.