Saƙon "gidan mari" da ke yawo a wayoyinmu: ina gaskiya, ina ƙarya?

Akwai wani saƙon murya da ya cika rukunonin WhatsApp na iyaye da malaman makaranta daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, har ƙauyukan Birnin Tsaba. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, amma ya zauna ya zayyana abin da ya sa yaran yanzu suka kangare, kuma ya kawo magani. Ya ce alewa da lemon kwalba ne ke sa yaro ƙiriniya. Ya ce allurar rigakafi ce ke taurara musu kai. Ya ce ƙwaya ta shigo gari. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa duk yaron da ya fi ƙarfin iyayensa, a kai shi gidan mari a sa masa sarƙa, a ba shi bulala safe da yamma, cikin wata uku zai dawo salihi. Ya rufe da "a tura wa kowa saboda Allah", kuma jama'a sun tura.

Maganar alewa ba ta da tushe: an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan sukari da halin yara a 1995, ba a ga ya canza musu hali ba, illarsa ta haƙori ce da lafiyar jiki. Maganar rigakafi tsohuwar jita-jita ce da aka sake wa riga, irin wadda ta sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003 cutar ta sake bazuwa. Maganar ƙwaya kuwa gaskiya ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da aka yi nazari a kanta, kuma a 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Wannan gaskiyar guda ɗaya ita ce ta ba sauran saƙon ƙarfi, domin uban da ya tsinci tiramol a aljihun ɗansa ba ya tsayawa tantance sauran zancen.

Inda cutarwar take shi ne batun mari, kuma a nan ba sai an yi kintace ba, domin an buɗe irin waɗannan gidaje kowa ya ga cikinsu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara ƙanana, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu suna bayar da labarin yunwa da lalata da aka yi da su. A watan Oktoba aka fasa wani a Daura aka fito da mutum 67, sannan aka bi da wasu a Katsina da Zariya da Ilori. Kafin shekarar ta ƙare an 'yantar da fiye da mutum dubu ɗaya. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da kyakkyawar niyya, bisa irin alkawarin da mai saƙon nan yake yi yau. Ko dai bai san wannan tarihi ba, ko ya sani ya ɓoye, kuma duk wanda ke ba iyaye shawara a kan 'ya'yansu ba shi da uzuri a ko wanne.

Za a ce ai waɗancan gidaje ne suka wuce gona da iri, bulala ita kanta ba laifi ba ce. To, an yi nazarin wannan ma. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun haɗa binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga yaran da ake duka sun fi nuna faɗa da rashin ji da damuwar zuciya. Mai ja zai ce dama kangararre ake duka, don haka ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa nazarin da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2021 ya fi muhimmanci, domin ya duba bincike 69 da suka bi yara tsawon lokaci, ya ga halin yaran ƙara lalacewa yake bayan dukan, ba gyaruwa ba. Gaskiya ne yawancin waɗannan bincike a Amurka aka yi su, ba a Zamfara ba, kuma ba su ce duk wanda aka taɓa tsula wa tsumagiya zai lalace ba. Abin da suka tabbatar shi ne duka ba ya cika alkawarin da ake yi da sunansa. Yana tsayar da yaro a lokacin, amma ba ya koya masa yadda zai haɗiye fushi, ko ya jira layinsa, ko ya nemi abu da baki maimakon hannu.

Wannan fahimta ba daga Turawa ta fara ba. Ibn Khaldun, fiye da shekara ɗari shida da suka wuce, ya ware babi a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa zuciya, ta koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Malaman fiƙihun da suka yarda da horo sun kewaye shi da sharuɗɗa: ba a fuska ba, ba mai raunata jiki ba, ba cikin fushi ba, kuma sai bayan nasiha. Sanannen abu ne kuma cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, Annabi bai taɓa tsawata masa ba. Babu inda sarƙa da yunwa suka samu gurbi a nan. Mai saƙon ya kawo karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya manta cewa ɗanyen icce ma karyewa yake idan aka danne shi da ƙarfi.

Akwai kuma abin da saƙon bai ko ambata ba, alhali shi ne ya fi kusa da mu. Yaran wannan yanki sun taso cikin harin 'yan bindiga. Wasu sun kwana a daji, wasu sun ga an kashe na gida, wasu an raba su da ƙauyensu suna zaman gudun hijira a cikin gari. An rufe makarantun kwana na jihar bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake rufe makarantu bayan sace ɗaliban Kaya a Maradun cikin Satumba. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ce ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar da ta auna a yankunan biyu yana fama da tamowa. Yaron da ya sha firgita yakan koma fitsarin kwance, ya riƙa zabura, ya kasa zama wuri ɗaya, ya doki ɗan'uwansa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai jin yunwa ba ya natsuwa a aji. Wanda kunnensa ke ciwo ana kiransa ba ya amsawa, sai a ce raini ne. Ba kowane rashin ji ke da irin wannan dalili ba, amma ɗaure yaron da tsoro ya riga ya cinye ƙara masa ciwon da ya kawo matsalar ne.

Iyayen da suka gaskata saƙon ba abin zargi ba ne. Uwar da ɗanta ya fara sata yana kwana a tasha, maƙwabta na yi da ita, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana can Kware a Sakkwato, hanya ba tsaro, aljihu ba kuɗi, dole ta saurari duk wanda ya ce yana da mafita. Za ta kuma ji labarin wane da aka kai ya dawo shiru. Sai dai shiru ba shi ne gyaruwa ba, kuma ba a yaɗa labarin wanda ya dawo ya koma ƙwaya ko ya daina yi wa mahaifinsa magana.

Hanyar da aka gwada ta yi aiki ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A gundumar Luwero ta Uganda an gwada wani shiri a makarantun firamare 42, inda aka koya wa malamai horo ba da sanda ba, aka sa ɗalibai cikin tsara dokokin aji. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna dukan da malamai ke yi ya ragu da kashi 42 cikin ɗari. Ginshiƙan abin sanannu ne: doka kaɗan kuma bayyananna, hukuncin da ya dace da laifi kamar gyara abin da aka ɓata, yabo idan yaro ya yi daidai, da ba mai ƙiriniya wani aiki da za a dogara da shi, ko da rabon alli ne ko kula da ƙananan aji. Malamin allo da na boko duk za su iya wannan. Idan kuma ƙwaya ce ta kama yaro, ko ya daina barci, ko yana maganar kashe kansa, wannan aikin likita ne, a fara da babban asibitin gari, su tura Gusau ko Kware idan ta kama.

Wanda saƙon ya iso wayarsa, kada ya tura. Wanda kuma ya riga ya tura, ya koma rukunin ya ce batun mari ba gaskiya ba ne, tun kafin wani uba ya ɗauki ɗansa ya kama hanya.