Makullin ƙafafun gaba: abin da ba a tambaya idan za a sayi motar daji

Duk lokacin da wani gwamna ya raba wa jami'an tsaro sababbin motocin a-kori-kura, abin da ake gani a hoto shi ne jerin Hilux masu sheƙi da kwamishinoni suna tafi. Yawan motocin da kuɗin da suka ci su ne kan labari. Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashinsu, alhali shi ne zai nuna ko motar za ta isa ƙauyen da aka kai wa hari a watan Agusta, ko kuwa za ta kafe a laka tun ba ta yi nisa da kwalta ba.

A tsakiyar kowane aksul akwai wani tarin haƙoran ƙarfe da kanikawa ke kira difarenshiyal. Idan mota za ta sha kwana, tayar da ke waje tana yin tafiyar da ta fi ta ciki tsawo, don haka dole ta fi ta saurin juyawa. Difarenshiyal ne ke ba da wannan dama. A kan kwalta babu abin da ya kai shi amfani, amma a daji yana da wata mummunar ɗabi'a: ƙarfin da yake bai wa tayoyin biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da tayar da ta fi rashin madafa za ta iya ɗauka. Da zarar taya ɗaya ta faɗa cikin santsi ko ta ɗage sama, sai ta yi ta wulwulawa, ɗaya kuwa da ke kan tsandauri ta tsaya cik.

Shi ya sa motar da ake kira kat-kat a Nijar, ko mai okzilari a Najeriya, take iya kafewa da taya biyu kawai suna juyawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Giyar okzilari tana haɗa aksul na gaba da na baya ne, ba ta haɗa hagu da dama. Makulli, wanda direbobi ke ce wa diflok, shi ne ke ɗaure tayoyin aksul ɗaya su juya tare, ko da guda tana lilo a iska.

Yawancin masu ƙera motoci daga baya suke farawa. Hilux da yawa na zamani suna zuwa da makullin baya daga kamfani, na gaba kuwa sai dai mai mota ya saka da kansa. Land Cruiser 79 ana iya samun ta da duka biyun, haka ma Ford Ranger Raptor sabon ƙira da Jeep Gladiator Rubicon. Ko a Land Cruiser ɗin, an tsara makunnin ta yadda na gaba ba ya shiga sai na baya ya riga shi.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne tayoyin gaba aiki biyu suke yi: suna jan mota, suna kuma bin sitiyari. Idan aka kulle su, sitiyari yakan yi nauyi, mota ta riƙa neman tafiya miƙe ko da direba ya karya kan. Sannan dukkan ƙarfin da aksul ɗin ke ɗauke da shi yana iya taruwa a kan shaf guda. A Hilux, inda kowace ƙafar gaba take cin gashin kanta, gaɓoɓin shaf ɗin ba su kai na Land Cruiser 79 mai aksul sanda ɗaya ƙwari ba. Direban da ya karya sitiyari har ƙarshe ya taka totur da makulli a ciki, yana iya jin ƙas, daga nan kuma sai neman mai ja.

Wanda ya yanke shawarar sakawa, iri uku ne a gabansa. Akwai mai kulle kansa, irin Detroit Locker, wanda ba ya buƙatar waya ko maɓalli. Yana da juriya, sai dai a gaba yana wahalar da tuƙi duk lokacin da aka saka okzilari, kuma bai dace da motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum ba. Akwai mai rage zamewa, irin Truetrac, wanda ke karkatar da ƙarfi zuwa tayar da ta fi kama ƙasa ba tare da ya kulle gaba ɗaya ba. Sitiyari ba ya jin jiki sosai da shi, amma idan taya ta bar ƙasa amfaninsa yana raguwa.

Na ukun shi ne wanda direba ke kunnawa ya kashe, kuma shi ya fi dacewa da gaba, domin idan an kashe shi mota tana komawa yadda take. Air Locker na kamfanin ARB na Ostireliya da iska yake aiki, yana buƙatar kwamfuresa da siririn tiyo. Yana shiga nan take, kwamfuresar kuma tana iya yin amfani wajen hura taya, amma tiyo yana fashewa, roba tana yoyo. ELocker na Eaton waya ce da maganaɗisu, kayansa ba su da yawa. Ga motar da za ta yi aiki nesa da Kano ko Maiduguri, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wanne ne bakaniken garin zai iya gyarawa. Dole kuma makullin ya dace da girman difarenshiyal da yawan haƙoran shaf na wannan motar, kuma mai ɗaurawa ya iya daidaita tazarar haƙora, in ba haka ba aksul ya fara kuka cikin 'yan watanni.

Ƙasar da motar za ta bi ma tana da ta cewa. A baƙar lakar firgi ta wajajen Dikwa da Marte, ko kwazazzaban da ruwa ya zaizaye, makullin gaba yana iya fitar da mota daga inda na baya ya gaza. A rairayin hanyar Agadas zuwa Dirku kuwa, rage iskar taya da sanin hanya sun fi shi tasiri, don kulle tayoyi huɗu a yashi mai laushi yana iya sa mota ta haƙa wa kanta rami da sauri. A 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da motocin Toyota, sauri da rashin nauyi ne suka yi musu rana. Makulli kayan tafiyar hawainiya ne: littafin Toyota yana gargaɗin kada a wuce kilomita 8 a sa'a idan an kulle.

Takardar kwangilar da ta ce a kawo Hilux ɗari kawai ta bar wa ɗan kwangila zaɓi, har ma na kawo mai jan ƙafa biyu a cikinsu, tunda sunan ɗaya ne. 'Yan majalisar da ke duba kasafin da 'yan jaridar da ke bin diddiginsa suna iya neman a nuna musu samfurin da aka rubuta, da wanda aka kawo, da kuma ko an ware kuɗin koya wa direbobin lokacin da ake kunna makullin da lokacin da ake kashe shi.