Unstad: Gaɓar da igiyarta ke kyau lokacin da rana ta ɓuya

A arewacin ƙasar Norway, kan tsibirin Vestvågøy na yankin Lofoten, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Unstad. Gidajensa ƙalilan ne, tsaunuka sun yi masa ƙawanya, sai kafa guda da ke fuskantar teku. Ta wannan kafar ce sunansa ya kai kunnen masu hawan igiyar ruwa a duniya.

Wasan ya isa can ne a shekarar 1963, ta hannun Thor Frantzen da Hans Egil Krane, matasa biyu da suka gan shi a Sydney ta Ostireliya lokacin da suke aikin jirgin ruwa. Da suka koma gida babu inda za su sayi allon hawa, sai suka ƙera nasu da hannu.

Tekun Lofoten ba ya daskarewa, albarkacin ruwan ɗumi da ke kwararowa daga kudu ta tekun Atlantika. Sai dai ɗumin na suna ne kawai: a hunturu ma'auninsa kan sauka zuwa kusan digiri 5. Kafin mutum ya shiga, sai ya rufe jiki da rigar roba mai kaurin milimita 6, da hula, da safar hannu, da takalmi. Duk da haka yatsu kan sandare, kuma wanda yatsunsa suka sandare ba ya iya riƙe allo idan igiya ta kayar da shi kusa da duwatsu.

Matsalar ita ce kyakkyawar igiya da hasken rana ba sa zuwa tare. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa, ana iya shiga ruwa ko da tsakar dare, amma igiyar ƙarama ce, ta masu koyo. Manyan igiyoyi sai guguwar arewacin Atlantika ta taso, daga Satumba zuwa Maris. A tsakiyar wannan lokaci, cikin Disamba, rana kan shafe makonni ba ta leƙo ba, sai ɗan haske kamar na asuba na 'yan sa'o'i. Idan iska ta juyo daga teku a cikin waɗannan sa'o'in, ta wargaza igiyar, ranar ta tafi ke nan.

Shi ya sa gwanaye ke fifita Satumba da Oktoba, kafin ruwa ya gama sanyi kuma duhu ya rufe. A lokacin ne ake gudanar da gasar Lofoten Masters, wadda aka fara a 2007, 'yan kallo na tsaye a bakin gaɓa cikin rigunan sanyi.