Mura Ba Ta Jin Allura

 Ga shi hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, har wanda ya tsaya a Fagge da safe ba ya hango dutsen Dala. Duk gidan da ki ka shiga sai atishawa da tari, yara kuwa hancinsu ba ya bushewa. Saboda haka makon nan zancen mura za mu yi.

Shekaranjiya wata maƙwabciyata ta shigo da ɗanta mai shekara uku, ta ce, "Yaya, kwana biyu ke nan yaron nan yana majina. So na ke in kai shi kyamis a Sabon Gari a yi masa allura, ko a ba shi kafso, a kashe abin tun bai yi ƙarfi ba." Na taɓa yaro, jikinsa ba zafi, yana ta wasa da murfin kwano. Na ce, "Ƙanwata, adana kuɗinki. Mura ba ta jin allura." Ta dube ni kamar na yi saɓo. To, ga dalilina.

Wasu ƙwayoyin cuta ne ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke kira bairas, su ke kawo mura, irinsu kuwa ya fi 200. Shi ya sa mutum ya kan warke yau, bayan wata guda wata ta sāke kama shi. Babba ya kan yi mura sau biyu ko uku a shekara, yaro ƙarami kuwa har sau shida ko takwas, ba wani abin tsoro ba ne. Ƙwayar tana bin feshin atishawa da tari, tana kuma bin hannun da ya share hanci, ta hau kofi da marikin ƙofa.

Mu kan ce sanyi ne ya shiga mutum. A garin Salisbury na Ingila an buɗe wani wuri a 1946 don binciken mura kaɗai, ya yi aiki fiye da shekara 40. Likitocin wurin sun sa mutane wanka, su tsaya a jiƙe inda iska ke kaɗawa, amma wanda ba a ɗiga masa ƙwayar a hanci ba bai kamu ba. Laifin hunturu shi ne yana busar da cikin hanci, ƙura tana kartar maƙogwaro, mu kuma mu kan cunkushe ɗaki ɗaya mu rufe taga, sai ɗaya ya rarraba wa saura.

Kwana ɗaya zuwa uku bayan ƙwayar ta shiga, sai maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, atishawa ta biyo, hanci ya yi ta zuba ko ya toshe, ga ciwon kai da kasala. A rana ta biyu ko ta uku ta ke fin tsanani, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce, ko da ya ke tari ya kan kai mako uku. In majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, wannan ma halin mura ne.

Kafso irin su amfisilin, watau antibayotik, wata irin ƙwaya dabam su ke kashewa, bakteriya, ba ruwansu da bairas. Wadda ta ba ɗanta su don mura ta yi asarar kuɗi, wataƙila kuma ta jawo masa zawo. Mafi muni, ƙwayoyin da ke jikinsa za su saba da maganin, ranar da babban ciwo ya zo a ba shi ya ƙi ci. Maganin tari mai kodin kuwa, tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa samari da matan aure, mu a Kano mun fi kowa sani.

To, me za a yi? Jiki da kansa ke korar mura, namu taimako ne. A huta, a sha ruwa da yawa, da abu mai ɗumi: kunun tsamiya, koko, romo, ko shayi da citta da lemon tsami. Cokalin shayi ɗaya na zuma da dare yana sassauta tari, amma kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma ko kaɗan. In maƙogwaro yana ciwo, babba ta zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi ta kurkure ta tofar. Don ciwon kai a sha farasitamol. Babba kada ta wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, ta kuma duba kwalin maganin mura, gama da yawansu akwai farasitamol a ciki. Na yaro a bi awon shekarunsa. Asfirin ba na yara ba ne.

Mai goyo ta ƙara ba da nono. In hancin jariri ya toshe, a ɗiga masa ruwan gishiri na ɗigon hanci da a ke sayarwa, a share da tsumma mai tsabta kafin ya kama mama. Kada a cusa masa man zafi a hanci, kada a yi masa sirace, ruwan zafi ya ƙona yara da yawa. Kada kuma a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, iskarsa tana kisa ba wari ba hayaƙi.

Ga inda na ke so ku buɗe kunne. Akwai ciwon da kan ɓuya bayan mura, babbansu ciwon huhu, watau nimoniya. In yaro yana tari, ki ɗaga rigarsa sa'ad da ya ke kwance lafiya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogo. Wanda bai kai wata biyu ba, in ya kai 60. Daga wata biyu zuwa shekara, in ya kai 50. Daga shekara zuwa biyar, in ya kai 40, to, numfashi ya yi sauri. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa, ko ya suma, kada ki jira gari ya waye. Ga Asibitin Murtala nan kusa da Ƙofar Mata, ga na yara na Hasiya Bayero a cikin birni. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zafin jiki kaɗai ya isa a kai shi.

Zazzaɓi mai ƙarfi a je a yi gwajin jini, gama na cizon sauro ba ya jira. Ƙyanda ma da majina da jan ido ta ke farawa kafin ƙuraje su fito. Wuya in ya sandare, a tuna da sanƙarau. Tsofaffi da masu ciki da masu asma su ma kada su yi sakaci in numfashi ya yi wuya.

Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta riƙe hankicinta, ta rufe baki in za ta yi atishawa, ta wanke hannu da sabulu, kada a yi tarayyar kofi. Wadda mura ta kama ta daina ɗaukar jaririn gida tana sumbatarsa sai ta warke.

Maƙwabciyata dai ta koma da ɗanta, ta dama masa kunu, na kuma koya mata ƙirgan numfashi. Yau da safe na ji shi yana tsere da akuya a zaure.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.