Ɗingishin Yaro Mai Tasowa Ba Abin Rainawa Ba Ne

Sau da yawa idan yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya fara ɗingishi yana kukan gwiwa, mu iyaye sai mu ce ai targaɗen ƙwallo ne, a shafa masa man zafi. To, wani lokaci gwiwar lafiyarta ƙalau, ciwon yana can sama a kwatangwalo.

Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle wanda ke zaune cikin kwarmin ƙugu. A jikin yaro, tsakanin wannan kai da wuyan ƙashin akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Sai girma ya kammala, wajen shekara 14 zuwa 18, sannan guringuntsin ya rikiɗe ya zama ƙashi. Kafin lokacin, nan ne wuri mafi rauni.

Wurin yakan samu matsala ta hanya biyu. Ta farko ita ce karaya farat ɗaya, kamar idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko mota ta buge shi. Wannan ba ta ɓuya, domin ba zai iya taka ƙafar ba. Ta biyu ta fi yaudara: kan ƙashin yana zamewa a hankali cikin makonni ko watanni, ba tare da wani haɗari ba. An fi ganinta tsakanin shekara 10 zuwa 16, ta fi samun maza, musamman masu ƙiba. Alamunta su ne ɗingishi, da ciwon matsematsi ko cinya ko gwiwa, da juyawar tafin ƙafa waje. Gwiwa tana ciwo ne saboda jijiyar da ke kai saƙon zafi daga kwatangwalo ta sauka har can.

Me ya sa likitoci ke ɗaukar abin da zafi? Ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da kan ƙashin ta jikin wuyansa suke bi. Idan suka tsinke, kan ƙashin ya mutu ya lotse, ƙafar ta gajarce, yaro ya shiga ciwon gaɓa tun da ƙuruciya. Shi ya sa, duk da girman da muke ba maɗoran gargajiya, wannan ba aikinsu ba ne. Ja da murɗa ƙafar na iya tsinka hanyoyin jinin da suka rage.

Abin yi shi ne a hana yaron taka ƙafar, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da likitan ƙashi, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A nemi hoton kwatangwalo duka biyu, domin yakan shafi ɗaya gefen ma. Hoton gwiwa kaɗai ba zai nuna kome ba. A kuma faɗa wa likita idan yaron mai sikila ne, domin ita ma tana cin kan ƙashin cinya. Yawanci da ƙusa guda ta tiyata ake kafe kan ƙashin inda yake, yaro ya yi makonni da sanduna, daga baya ya koma wasansa.

Iyaye da malamai, mu riƙa lura da tafiyar yaranmu. Ɗingishin da ya wuce mako guda, likita ya kamata ya gani. Tun ran gini, ran zane.